Mastas a akanta ko haraji da hanyar samun lasisin ƙwararren akanta: daga ƙarshe ake farawa

Tambayar da na fi sha daga ƙannenmu da suka gama digirin farko a akanta ita ce "Yaya, in tafi mastas ne ko in fara rubuta jarrabawar ƙwararru?" Kuma kusan kullum idan na ɗan tona sai in tarar mai tambayar ya ɗauka abubuwan nan biyu hanya ɗaya ce, wato in ya yi mastas ɗin shikenan ya zama akanta mai sa hannu. Wallahi ba haka bane. Jami'a digiri take bayarwa, lasisi kuma wata hukuma ce daban take bayar da shi da nata sharuɗɗan, kuma ba ruwanta da cewa kai ne ka zo na ɗaya a ajinku in dai baka cika mata abin da ta nema ba. Na ga wanda ya kashe shekara biyu da kuɗi mai yawa a mastas, ya dawo da murnarsa ya je neman lasisi aka ce masa kwasakwasan da ya yi ba su ne ake lissafawa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin magana amma 'yan uwa mata har da ku nake, kuma kuna da yawa a wannan aikin.

Mataki na farko: a ina kake son sa hannunka ya yi aiki?

Kafin ka buɗe shafin kowace jami'a, ka zauna ka amsa wa kanka wannan: a wace ƙasa zan yi aiki, kuma wane irin aiki? Domin lasisin akanta ba kamar digiri bane da zaka naɗe ka tafi da shi ko'ina, dokar ƙasa ce take riƙe da shi. A Amurka sunansa CPA, kuma ba gwamnatin tarayya ke bayarwa ba, hukumomin jihohi da yankuna ne guda 55, kowacce da nata ƙa'idojin, tun daga jihar New York da ta fara yin dokar a 1896. A Ingila akwai ICAEW da aka kafa a 1880 mai ba da shaidar ƙwarewa da ake kira ACA, akwai ACCA da aka kafa a 1904 wadda ta bazu a ƙasashe da yawa, ga kuma CIMA ta masu lissafin cikin gida na kamfani, wato kasafi da tsadar kaya da irinsu. A Najeriya akwai ICAN da dokarta ta 1965, da ANAN, da CITN ta masu haraji, a Gana akwai ICAG. A Faransa kuwa matakala ce ta takardun shaida, DCG sannan DSCG sannan horon aiki na shekara uku kafin DEC, wadda ita ce ta ƙwararren akanta, kuma ƙasashen da ke amfani da Faransanci da dama tsarinsu yana kama da wannan.

Sai irin aikin. Mai son ya zama odita, ya binciki littattafan kamfani ya sa hannu ya ce lissafin nan ya nuna gaskiyar halin da kamfanin ke ciki, wannan ba shi da mafita sai lasisi. Mai son zama a cikin kamfani ɗaya yana haɗa musu rahoton kuɗi har ya kai shugaban sashen kuɗi, doka ba lallai ta tilasta masa ba amma masu ɗaukar aiki suna tilastawa. Mai son haraji zalla yana da wasu ƙofofin, a Amurka misali akwai EA, wato izinin wakiltar masu biyan haraji, da hukumar haraji ta IRS ke bayarwa, jarrabawa kashi uku ce kuma ba a neman digiri, a Ingila akwai CTA, shaidar ƙwararren mai ba da shawara kan haraji, akwai kuma ADIT ta harajin ƙasa da ƙasa. Ka zaɓi ɗaya. Na san zuciya tana so ta haɗa duka amma taura biyu ba ta taunuwa, ka gama ɗaya tukuna.

Mataki na biyu: ka karanta sharuɗɗan da idonka

Kar ka dogara da "wane ya ce min". Ka shiga shafin hukumar da kanta, ka ɗauki takarda ka raba ta gida huɗu: karatu, jarrabawa, aiki, ɗa'a. Duk hukumar da na sani a cikin huɗun nan take yawo, bambancin kawai yawan kowanne.

Bari in ɗan daɗe a kan Amurka, saboda a can ne maganar mastas da lasisi suka fi ɗaure da juna, kuma daga can ruɗanin yake tasowa. Digirin farko a can kiredit 120 ne a shekara huɗu, kiredit kuwa shi ne ma'aunin yawan karatun da ke cikin kowane kwas. Amma shekaru da yawa jihohi suna neman kiredit 150 kafin su ba da lasisi, Florida ce ta fara aiki da wannan a 1983 sauran suka biyo. To kaga akwai giɓin kiredit 30, kuma mastas na akanta ko na haraji yawanci kiredit 30 ne cif, shi ya sa ɗalibai suke zarcewa shekara ta biyar. Amma ka lura, abin da dokar ta ce kiredit 150, ba ta ce sai mastas ba, mutum zai iya cikewa da ƙarin kwasakwasai. Sannan a cikin kiredit ɗin akwai adadin da dole ya zama na akanta tsantsa, wata jihar 24 wata 30, da wani adadin na fannin kasuwanci, wasu jihohin har sunan kwas suke kamawa su ce sai ka yi odit, sai ka yi haraji. Jihohi da yawa suna barinka ka fara jarrabawa da 120, lasisin ne dai sai ka cika.

Kuma abin yana canzawa yanzu haka. A 2025 AICPA da NASBA, wato ƙungiyar akantocin da ke tsara jarrabawar da kuma ƙungiyar hukumomin jihohin, sun ƙara wata hanya a dokarsu ta samfuri: digirin farko, da aikin shekara biyu maimakon ɗaya, da cin jarrabawa, ba sai 150 ba. Jihohi irin su Ohio da Virginia suna cikin na farkon da suka yi doka a kan haka. Don haka abin da yayanka ya faɗa maka shekara biyar da suka wuce wataƙila gaskiya ne a lokacinsa amma yau ba shi bane. Ka duba jihar da ka zaɓa, ka duba ranar da sabuwar dokarta ta fara aiki, ka kuma duba ko tana neman lambar shaidar zama a ƙasar, don wasu suna nema wasu ba sa nema.

ACCA kuma ba ta lissafa kiredit ɗinka kwata-kwata. Tsarin da ake kai jarrabawa 13 ne a hawa uku, uku a hawan farko, shida a na biyu, huɗu a na ƙarshe, da aikin wata 36, da wani darasi na ɗa'a da ƙwarewar aiki. Sun sanar za su sauya tsarin daga 2027, saboda haka wanda zai fara yanzu ya duba yadda za a mayar da waɗanda ke tsakiyar hanya. ICAEW ita kuma kwana 450 na aiki take nema a ƙarƙashin yarjejeniyar horo da ma'aikatar da ta amince da ita, wato sai ka samu wurin aikin tukuna.

Mataki na uku: a auna maka takardunka kafin ka biya kowa

Wannan gajere ne amma kar ka tsallake. Ka nemi tiranskirif ɗinka, wato takardar kwasakwasanka da sakamakonsu, daga jami'a tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma duk wanda ya taɓa nema ya san yana iya cin watanni. Idan Amurka ka nufa kuma a wata ƙasa ka yi karatu, sai an tura shi ga masu tantancewa su mayar da shi kiredit irin nasu, NASBA tana da nata sashen mai suna NIES, amma ka fara duba wanda jiharka ta yarda da shi. Sakamakon ne zai gaya maka kiredit nawa gare ka da kuma wane kwas ya rage. Ka adana bayanin kowane kwas da ka yi, wato abin da aka koyar a ciki, don wani lokacin sunan kwas kaɗai ba ya gamsar da su.

Idan ACCA ce ko makamanciyarta, abin da zaka nema shi ne a ɗauke maka wasu fefofi, wato jarrabawar wasu darussa, saboda digirinka. ACCA tana iya ɗauke har tara, amma ba ta taɓa ɗauke na hawan ƙarshe komai digirinka, ko da dakta ne. A nan ina da ra'ayi kuma zan faɗa: ba duk fefar da aka ce an yafe maka ya kamata ka karɓa ba. Na farko dai biya zaka yi a kan kowacce. Na biyu, idan rabonka da karanta ƙa'idojin rahoton kuɗi ya kai shekara huɗu, ka karɓi yafiyar FR, fefar rahoton kuɗi ta hawa na biyu, sannan ka faɗa SBR, babbar yayarta ta hawan ƙarshe, kai tsaye, zaka ji kamar an jefa ka rijiya, don SBR ta ɗauka ka riga ka haddace abin da ke ƙasa. In ka karɓi yafiyar to ka sayi littafin fefar da aka yafe ɗin ka karance shi kamar zaka rubuta.

Mataki na huɗu: to yanzu mastas ɗin, a yi ko kar a yi?

Sai yanzu tambayar ta yi ma'ana, don yanzu ka san giɓin da ke gabanka. A ganina mastas yana da amfani ga mutum huɗu. Wanda yake buƙatar cike kiredit. Wanda digirinsa na farko ba akanta bane, ya karanta tattalin arziki ko injiniya yana son juyowa, akwai mastas da aka tsara musamman don irinsa. Wanda yake son ya nutse a haraji sosai. Sai wanda yake hangen koyarwa a jami'a ko bincike, shi kam ba makawa. Idan baka cikin huɗun nan, kuma hukumarka ba ta nemi ƙarin karatu ba, shawarata ka fara jarrabawa da aiki, mastas ba zai gudu ba, kuma wanda ya yi shekara uku yana ganin littattafan kamfani na gaske ya fi wanda ya fito daga aji kai tsaye cin moriyar mastas nesa ba kusa ba.

Mastas na akanta faɗi gare shi: rahoton kuɗi mai zurfi, haɗa lissafin uwar kamfani da rassanta, odit, tsarin kwamfuta na lissafi, nazarin bayanai, binciken zamba. Na haraji kuma zurfi gare shi, kuma mutane da yawa suna mamaki in sun shiga, don rabin aikin karatun doka ne ba lissafi ba. Zaka wuni kana karanta sashe kaza ƙaramin sashe kaza, da hukuncin da kotu ta yanke a kai, da fassarar da hukumar haraji ta yi masa, sannan ka rubuta wa mai kamfani shafi biyu da zai gane. Harajin kamfanoni, na abokan haɗin gwiwa, na gado, yarjejeniyoyin hana biyan haraji sau biyu, farashin da rassan kamfani ɗaya ke sayar wa junansu kaya a ƙasashe daban-daban, da tsarin OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki, na mafi ƙarancin haraji kashi 15 cikin ɗari a kan manyan kamfanonin da cinikinsu ya kai Yuro miliyan 750 a shekara. Amma ka riƙe wannan da kyau: akanta tana tafiya, haraji ba ya tafiya. Ƙa'idojin rahoton kuɗi na duniya, wato IFRS, ƙasashe fiye da ɗari suna aiki da su, Amurka ce babbar da ta tsaya a kan nata ƙa'idojin da ake kira GAAP. Dokar haraji kuwa ta ƙasa ɗaya ce. In ka yi mastas a harajin wata ƙasa sannan ka koma wata, hanyar tunanin ce kawai zata bi ka, sassan dokar sai ka sake sabon zama.

Ga ɗan gwaji da nake ba masu ruɗewa tsakanin biyun. Kamfani ya sayi inji a kan 1,000,000. A littafinsa ya ce injin zai yi shekara biyar, don haka duk shekara yana rage darajarsa da 200,000. Amma a ce dokar harajin ƙasar ta yarda ya cire rabin kuɗin a shekarar farko, wato 500,000. Kaga a shekarar farko ribar da ya nuna wa hukumar haraji ta gaza ta littafinsa da 300,000. In harajin kashi 30 cikin ɗari ne, ya biya ƙasa da abin da littafi ke nunawa da 90,000. To kuɗin nan ba kyauta aka yi masa ba, jinkiri ne, a shekarun gaba abin da doka zata bari ya cire zai yi ƙasa da na littafi, sai ya biya. Shi ya sa akanta yake rubuta 90,000 ɗin a matsayin bashin haraji da aka jinkirta, abin da ƙa'idar IAS 12 ta cikin IFRS ke magana a kai kenan, a Amurka kuma takwararta ASC 740. Yanzu ka tambayi kanka wane ɓangare ne ya ja hankalinka. Idan yadda za a nuna shi a rahoto ne don kar mai zuba jari ya ruɗu, kai ɗan akanta ne. Idan kuwa zuciyarka ta tafi kan "me ya sa doka ta yarda da rabin, wane irin inji ne ya cancanta, in an sayar da shi a shekara ta biyu fa?", to haraji yana kiranka.

Wajen zaɓen makaranta, ka ajiye hoton gine-gine gefe ka ɗauko jerin kwasakwasan, ka ɗora shi kusa da takardar nan taka mai gida huɗu, ka bi ɗaya bayan ɗaya. Wannan kwas ɗin hukumata zata lissafa shi? In baka tabbata ba ka rubuta wa hukumar, ba jami'ar ba, ka ajiye amsar a rubuce. Ka duba ko makarantar tana da amincewar hukumomin tantance ilimi, a makarantun kasuwanci ana yawan duba AACSB. Ka tambaya su waye malaman, akwai masu lasisi da suka taɓa aikin da hannunsu? Kamfanonin odit suna zuwa ɗaukar ɗalibai? Manyan huɗun nan, Deloitte da PwC da EY da KPMG, da ma matsakaitan da ke biye da su, sau da yawa daga ɗaliban da suka yi musu horon hutu suke ɗauka, don haka makarantar da ke da wannan ƙofar ta fi wadda suna kawai gare ta. Sai lissafin kuɗi, kuma abin kunya ne akanta ya shiga abu bai yi kasafi ba: kuɗin makaranta, albashin da zaka rasa in ka ajiye aiki, rajistar hukuma, kuɗin kowace fefa har da na maimaitawa, littattafai, kuɗin shekara-shekara. In wurin aikinka za su biya maka, ka karanta sharaɗin da kyau, yawanci akwai cewa in ka tafi kafin wani lokaci sai ka mayar.

Mataki na biyar: jarrabawar

CPA tun Janairun 2024 fefa huɗu ce, kowacce awa huɗu a kwamfuta a cibiyoyin jarrabawa na kamfanin Prometric. Uku dole ne: FAR ta rahoton kuɗi, AUD ta odit, REG ta haraji da dokar kasuwanci. Ta huɗun zaɓi ne cikin uku: BAR mai zurfafa FAR, ISC ta tsarin kwamfuta da kariyar bayanai, TCP ta haraji mai zurfi. Duk wadda ka zaɓa lasisin iri ɗaya ne, ba a rubuta zaɓinka a jiki. Mai mastas na haraji TCP ce tasa, kuma ya rubuta ta dab da REG tun abin yana da ɗumi a kansa. Makin ci 75 ne, amma ba yana nufin kashi 75 na tambayoyin ba, ma'auni ne nasu da ke duba wahalar tambaya. Ana rubuta ta a wasu ƙasashen waje ma kamar Japan da Indiya da Daular Larabawa.

Abin da ya kamata ka ji tsoro shi ne agogo. Daga ranar da ka ci fefa ta farko lokaci ya fara tafiya, da wata 18 ne, yanzu yawancin jihohi sun mayar da shi 30, in ya ƙare baka gama sauran ba ta farkon ta zube sai ka sake ta. Shi ya sa nake cewa ka fara da wadda ta fi maka wuya, ga mafi yawan mutane FAR ce saboda faɗinta, don in ka faɗi a ita agogo bai fara ba, baka yi asarar komai ba sai kuɗin fefa. ACCA ma tana da nata, shekara bakwai daga ranar da ka ci fefar farko a hawan ƙarshe. Makin cinta 50 ne, ana zama a Maris da Yuni da Satumba da Disamba, kuma fefar haraji tana da nau'i na ƙasashe daban-daban, ka zaɓi na inda zaka yi aiki in akwai shi.

Yadda ake karatun kuwa ya sha bamban da na jami'a. A jami'a kana iya haddace bayanin malam ka zuba masa abinsa ka samu maki. A nan ba mai tambayarka ka kawo ma'anar haya, za a baka yarjejeniyar haya ne mai shafi guda, a ce ka nuna yadda zata shiga littafi bisa IFRS 16, ƙa'idar lissafin haya, ga minti kaɗan. Don haka kashi ɗaya cikin uku na lokacinka karatu, kashi biyu amsa tambayoyi, da agogo a gabanka, a kwamfuta ba a takarda ba, ka saba da Excel har hannunka ya riƙa tafiya da kansa. Ka buɗe littafi guda na kurakuranka, duk tambayar da ka faɗi ka rubuta dalilin, ban san ƙa'idar ba ne, ko ban karanta tambayar da kyau ba, ko lokaci ne ya ƙure. Bayan sati uku zaka ga kuskure biyu ko uku ne suke ta maimaita kansu. Ka karanta rahoton masu gyaran fefa in hukumarka tana fitarwa, ACCA tana fitarwa, a nan suke faɗin inda ɗalibai ke zubewa. Kuma ka tabbata littafinka na bana ne, don ƙa'idoji suna canzawa, IFRS 18 ma ita ce ke maye gurbin IAS 1, ƙa'idar tsara rahoton kuɗi, daga 2027, dokar haraji kuwa kusan duk shekara sai an taɓa ta. Awa biyu kullum da sassafe kafin aiki ya fi awa goma sha biyu ranar hutu. In ka faɗi fefa, kuma mutane masu ƙoƙari sosai suna faɗuwa, ka ba kanka kwana biyu ka huce sannan ka yi rajistar zama na gaba tun abin bai bar kanka ba.

Mataki na shida: aikin da ake lissafawa

A nan ne na fi ganin hawaye, ba a jarrabawa ba. Hukuma ba ta lissafa aiki don kawai ka je ofis, sai wanda ya cancanta ya shaida maka. A yawancin jihohin Amurka shekara ɗaya ce ga mai kiredit 150, kusan awa 2,000, kuma mai CPA da lasisinsa ke raye ne zai sa hannu. A ACCA wata 36 ne da manufofin aiki guda tara, biyar na dole huɗu na zaɓi, mai sa hannun kuma ya zama ɗan wata ƙungiyar akantoci da ke cikin IFAC, tarayyar ƙungiyoyin akantoci ta duniya, kuma yana ganin aikinka. Aikin da ka yi kafin jarrabawa ma yana iya shiga in akwai mai shaida.

Akwai wata ƙanwata a wurin aiki, yarinya mai ƙwazo ƙwarai, ta cinye fefofinta duka ba ta maimaita ko ɗaya ba. Ta yi kusan shekara uku a wani kamfani kafin ta dawo wurinmu, ita ke haɗa lissafin banki, ita ke shirya takardun haraji, har rufe littafin ƙarshen wata. Ranar da ta zo cike fom ɗin zama mamba ta shigo ofishina da takardar a hannu ta ce "Yaya, wa zai sa min hannu a shekarun can?" Muka bincika, ogan nata na da mutumin kirki ne kuma ya iya aiki amma ba shi da rajista da kowace ƙungiya, mai rajistar ɗaya tilo da ke kamfanin kuma ya bar aiki tuntuni ba wanda ke da lambarsa. Ba ta taɓa rubuta komai ba, ba kwanan wata, ba bayanin abin da ta yi. Ta zauna a kujera ta yi shiru, har yau ina tuna yadda take ta juya biro a hannunta. Sai da muka shafe watanni ana neman mutumin, aka same shi, ya sa hannu a kan abin da ya iya tunawa kawai, sauran sai da ta sake tarawa.

Don Allah kar wannan ya same ka. Ranar da ake maka intabiyu ka tambaya cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, akwai mai lasisi a nan da zai iya shaida aikina?" In babu a cikin gida, ka tambayi hukumarka ko ta yarda da na waje, kamar oditan kamfanin. Duk ƙarshen wata ka rubuta abin da ka yi da awowinsa, duk wata uku ka kai a sa hannu, kar ka jira sai zaka tafi. Ka kuma roƙi a juya ka sassa, wanda ya shekara uku yana shigar da rasit kaɗai ba zai cika manufofin ba. In burinka sa hannu a rahoton odit ne to ka tabbata wani kaso na awowinka a odit ɗin ka yi su, don hukumomi da dama suna ware wannan daban.

Mataki na bakwai: ɗa'a, da karɓar lasisin

Jihohin Amurka da yawa suna da ƙaramar jarrabawar ɗa'a, ACCA tana da darasinta, kuma ɗalibai sukan ɗauke ta kamar cike gurbi. Ni ban ɗauke ta haka ba. Ka tuna Enron, kamfanin makamashi na Amurka da ya rushe a 2001 saboda maguɗin lissafi, ya ja kamfanin odit na Arthur Andersen, ɗaya daga manyan biyar na duniya a lokacin, ya bi shi a 2002, dubban ma'aikatan da ba su san hawa ba balle sauka suka rasa aiki, har aka yi dokar Sarbanes-Oxley ta tsaurara sa ido kan rahoton kamfanoni da odit a shekarar. Ƙa'idojin ɗa'a na duniya da hukumar IESBA ke tsara wa akantoci ginshiƙai biyar ne: gaskiya, rashin son kai wajen yanke hukunci, ƙwarewa da kula, riƙe sirri, da kame kai irin na mai sana'a. Wata rana wani da ke biyanka albashi zai ce "ɗan gyara min wannan adadin, banki ne kawai za su gani", kuma sunanka da lambarka ne za su zauna a ƙasan takardar ba nasa ba.

In huɗun nan, karatu da jarrabawa da aiki da ɗa'a, sun cika sai ka cike fom, ka haɗa sakamako da shaidar aiki da masu tsaya maka. Kafin amsa ta fito kar ka fara liƙa haruffan a bayan sunanka, cin jarrabawa bai mayar da kai CPA ko mamba ba, kuma amfani da sunan ba izini laifi ne. Sannan ka bambance zama mamba da izinin buɗe ofis. A ACCA da ICAEW da ICAN da irinsu, mamba daban, takardar izinin yi wa jama'a aiki daban, izinin sa hannu a odit ma yakan zama wani hawan na uku. Haka in zaka ƙaura wata ƙasa, ka duba ko akwai yarjejeniyar mutunta juna tsakanin hukumomin biyu, Amurka tana da ita da wasu ƙungiyoyi kamar na Kanada da Ireland da Afirka ta Kudu inda ake rubuta fefa ɗaya mai suna IQEX, amma ACCA ba ta ba ka CPA kai tsaye.

Lasisin kuma ciyar da shi ake yi. A jihohin Amurka da yawa awa 120 ne na ƙarin ilimi a shekara uku, ACCA kuma 40 duk shekara, 21 daga ciki sai da shaidar da za a iya dubawa, kuma sukan zaɓi mutane su ce kawo mu gani. Ka buɗe folda ɗaya a kwamfutarka tun ranar farko, duk bitar da ka halarta ka jefa satifiket ɗin ciki da kwanan wata, ka sa ranar sabunta lasisi a kalandar wayarka da tunatarwa wata biyu kafin ta zo.